Sai Bango Ya Tsage: Sharhi Kan Ƙadangaren Chrome da Yadda Ake Yanko Hoto

Mai karatu, in dai kana amfani da burauzar Chrome a wayarka, na san kun taɓa gamuwa. Kana tsaka da neman wani abu, sabis ya ɗauke ko data ta ƙare, sai ga wani ɗan ƙadangare ruwan toka mai gajerun hannuwa ya tsaya ƙiƙam a saman shafi. Su masu shi dainoso suke nufi, irin ƙattin dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam. Amma yaranmu na Malali ƙadangare suke ce masa, kuma ni ma sunan ya fi kwanta mini a rai, don kuwa sai bango ya tsage yake samun wurin shiga. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ai ya sha kallo a ƙasar nan.

Ka taɓa shi da yatsa, sai ya zabura. Ƙasa ta shiga gudu a ƙarƙashinsa, itatuwan ƙaya masu kama da ƙyarana suna tahowa kana tsallakewa, can gaba tsuntsaye su shigo, in ka yi nisa gari ya rikiɗe ya koma dare. Shi ke nan wasan. Ma'aikatan Google uku ne suka ƙirƙiro shi a 2014, Sebastien Gabriel da Alan Bettes da Edward Jung. A 2018 kamfanin ya ce ana buga wasan sau miliyan 270 a kowane wata, mafi yawa a ƙasashen da data ke da tsada ko sabis ke yawan yankewa. Sun ambaci Indiya da Birazil da Meziko da Indunusiya. Mu ba su ambace mu ba, amma dai mun san kanmu.

Wannan wasa nake so mu ɗora a faifai yau. A ganina, ga duk mai son koyon yadda ake zana wani yanki na hoton baya a fuskar waya ko kwamfuta, da wuya ya sami malamin da ya fi ƙadangaren nan. Sai dai darasin da yake koyarwa ya sha bamban da wanda yawancin bidiyoyin koyarwa ke cusa wa yaranmu. Kuma shi ma yana da nasa tabon, za mu zo kai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami

Wani abokina yana koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta duk ranar Asabar a wani ɗan shago da ke wajen Low Cost a nan Malali, nakan leƙa in taya shi. JavaScript suke koyo, yaren da Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, wanda burauza ke karantawa ta aiwatar nan take ba sai ka girka komai ba. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare, kaifin basira gare ta. Ta haɗa ɗan wasanta: Keke Napep yana gudu yana tsallake ramuka. Hoton bayan kuwa ita ta ɗauka da kanta da wayar yayanta a bakin kogin Kaduna, ga ruwa, ga ciyayi, ga wani mai kwalekwale can nesa. A laftof ɗin malamin wasan ya tafi sumul. Aka ɗora shi a intanet, aka tura wa sauran yara adireshin ta WhatsApp.

Daga nan labari ya canza. Wani ya zauna yana kallon farin shafi har ya gaji. Wata wasan ya buɗe mata amma keken sai tsalle-tsalle yake kamar mai shaƙuwa. Wani kuma burauzar ce ma ta rufe kanta. Da na duba na ce mata hoton bayan ne ya yi nauyi, sai ta ce, cikin ladabi amma da alamar ba ta gamsu ba, “Malam, ai ba duka hoton nake zanawa ba. Ɗan yanki kawai nake yankowa.”

Gaskiya ta faɗa. Kuma a cikin gaskiyar tata ne matsalar take.

Lambobi takwas da hoto ɗaya

Bari mu fara daga tushe. Fuskar wayarka ɗigo-ɗigo ce, ƙananan ɗigogin haske da ake kira fiksel, an jera su sahu-sahu. Ana ƙirga su daga kusurwar sama ta hagu: lamba ta farko ta gaya maka nisa zuwa dama, ta biyu ta gaya maka nisa zuwa ƙasa. A lura, zuwa ƙasa, saɓanin yadda malamin lissafi ya koya mana a makaranta inda lamba ke ƙaruwa in ka yi sama. Wannan kaɗai ya sa yara da yawa sun zana mutum kansa a ƙasa.

A shafin intanet akwai wani fili da ake keɓewa don zane, sunansa canvas. Kamfanin Apple ne ya fara kawo shi a 2004, daga baya duk burauzoji suka ɗauka. Umarnin da ake ɗora hoto da shi a wannan fili shi ne drawImage, kuma fuska uku gare shi. In ka ba shi hoto da lambobi biyu, zai ajiye hoton duka a inda ka nuna. In ka ba shi lambobi huɗu, zai ajiye shi duka amma ya miƙe shi ko ya matse shi zuwa girman da ka ce. In ka ba shi lambobi takwas, to nan ne ya zama tela. Lambobi huɗun farko su ne inda za a ɗora almakashi a jikin yadi: daga ina za a fara, faɗi nawa, tsayi nawa. Huɗun ƙarshe su ne inda za a ɗinka ƙyallen a jikin riga, da girman da za a ba shi. Bambancinsa da telan unguwarku ɗaya ne: shi yadinsa ba ya raguwa. Kwafi yake ɗauka, turmin yana nan yadda yake, ko sau dubu ka yanka.

To yanzu dubi ƙadangare. Ba a ɓoye rubutun wasan ba, yana cikin manhajar Chromium da kowa ke iya buɗewa ya karanta. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne duk abin da kake gani a wasan daga hoto ɗaya tak ya fito. Wani siririn hoto ne dogo kamar an warware rawani, a jikinsa an jera ƙadangaren yana tsaye, yana ɗaga ƙafar dama, yana ɗaga ta hagu, ya duƙa, ya mutu ido a zare. Ga itatuwan ƙaya manya da ƙanana, ga girgije, ga tsuntsu fiffike sama da fiffike ƙasa, ga wata, ga lambobin ƙirga maki daga sifili zuwa tara. A can ƙasa kuma ga layin ƙasa a shimfiɗe. Nauyin hoton duka 'yan kilobayit ne kaɗan. Ana ajiye kala biyu, ɗaya na fuskar da ɗigoginta ba su da yawa, ɗaya mai ninkin girma na fuska mai kaifi.

A sigar rubutun da na karanta, in ka sauƙaƙa yadda ake zana ƙasar, ga abin da za ka samu:

zane.drawImage(hoto, 2, 54, 600, 12, 0, 127, 600, 12);

Karanta shi da Hausa: je ka jikin hoton, ka matsa ɗigo 2 zuwa dama da ɗigo 54 zuwa ƙasa, ka yanko faɗin 600 da tsayin 12, ka kawo shi bakin fili na hagu, ɗigo 127 daga sama, ka ajiye da girmansa yadda yake. Duk hamadar nan da kake ta gudu a cikinta, ɗan ƙyalle ne mai tsayin ɗigo 12.

Kuma ƙadangaren, ban da ɗan matsowar da yake yi a farkon wasa, ba ya zuwa ko'ina. Ƙasa ce ke tafiya. Ka taɓa ganin yadda ake fitar da mota daga laka da katako biyu? Mota ta hau na farko ta wuce kan na biyu, a ɗauko na bayan a kawo shi gaba. Haka wasan ke yi. Yanki biyu ne na ƙasa, kowanne faɗin 600, ɗaya na bin ɗaya. A kowane zane ana jan su hagu da 'yan ɗigogi. Da zarar na gaba ya fice daga fuska, sai a ɗauke shi a mai da shi bayan ɗan'uwansa. A farkon wasa gudun ɗigo 6 ne a kowane zane, ana zane 60 a daƙiƙa, ke nan yanki guda yana wucewa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Da a ce yanki iri ɗaya ne ke ta maimaituwa, da idonka ya gano wayon tun a minti na farko. Sai suka zana ƙasar iri biyu a jikin hoton, kuma duk sanda za a mai da katako gaba sai a yi ƙuri'a, wanne za a yanko. Wallahi wannan 'yar dabarar ita ta fi burge ni a duk rubutun. Layi ɗaya ce, amma ita ta mai da ƙyalle biyu hamada mara iyaka.

Da tsohuwar zuma

Ba Google ya ƙirƙiro wannan hikima ba. A 1975, a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya, Dan Ingalls da abokan aikinsa suka rubuta wani umarni mai suna BitBLT don kwamfutar Alto. Aikinsa ɗaya: ɗauko murabba'in ɗigogi daga wani wuri, ajiye a wani wuri. Da shi aka samu tagogin da ke hawa kan juna a fuskar kwamfuta, waɗanda yau muke gani kamar da su aka halicci duniya. Shekara goma bayan nan, a 1985, Nintendo ya fitar da Super Mario Bros a cikin kilobayit 40 kacal. In ka ƙura wa wasan ido za ka ga girgijen sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. A 1990 kuma John Carmack ya gano yadda kwamfutocin ofis na lokacin, waɗanda ba sa iya sake zana fuska duka da sauri, za su riƙa zame hoton baya suna sake zana wuraren da suka canza kaɗai. Da wannan aka yi wasan Commander Keen. Masu gina shafukan intanet su ma suka ara: a 2004 Dave Shea ya yi rubutu a mujallar A List Apart kan yadda za a tara ƙananan hotunan shafi a hoto ɗaya, a riƙa leƙo kowanne ta ɗan taga.

Ka lura da abin da ya haɗa su duka? Rashi. Ƙarancin ma'adana, ƙarancin gudu, ƙarancin layin intanet. Yanko ɓangaren hoto dabarar mai tattali ce. An ƙirƙiro ta ne don ƙaramin abu ya yi aikin babba.

Inda bidiyoyin koyarwa suka yi mana illa

Na zauna na kalli bidiyoyi da dama irin waɗanda yaranmu ke koyo da su, har da wanda yarinyar nan ta bi. Ba zan ce ƙarya suke koyarwa ba. Lambobi takwas ɗin nan suna bayyana su daidai, wasu ma da zane mai kyau. Abin da suke tsallakewa shi ne tambayar kuɗi. Mai bidiyon yana zaune da babbar kwamfuta da intanet mara iyaka, hoton yana cikin na'urarsa, ya danna ya buɗe nan take. Ba ya jin nauyin komai, don haka ba ya faɗin komai. Yaro kuma ya tashi da fahimtar cewa in ya yanko kaɗan, kaɗan ya kashe.

Alhali hoto sau uku ake biyan kuɗinsa.

Biya na farko wajen saukowa ne. Burauza ba ta san cewa kashi ɗaya cikin shida na hoton kake bukata ba. Fayil aka ce ta ɗauko, fayil za ta ɗauko, duka. Hoton yarinyar nan ya kusa megabayit 4. Yara ashirin suka buɗe, megabayit 80 ke nan suka tafi a kan ruwan kogi da sararin samaniyar da babu wanda zai gani a cikin wasan. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ba sai na yi maka dogon bayani kan abin da wannan ke nufi ga yaron da ke roƙon mahaifiyarsa ta kunna masa data na minti biyar ba.

Biya na biyu shi ne wanda ba a gani, kuma shi ya fi muni. Fayil ɗin JPEG a matse yake, kamar katifar soso da aka naɗe aka ɗaure da igiya. Kafin waya ta zana shi sai ta kwance igiyar. In an kwance, kowane ɗigo yana cin bayit huɗu: ja, kore, shuɗi, da na huɗu mai nuna ko ana hango abin da ke bayansa. Hoton nata faɗin 4,000 ne da tsayin 3,000. Ɗigo miliyan 12 ke nan. Ninka da huɗu, ka sami bayit miliyan 48. Wato fayil ɗin da ka gani megabayit 4 ya zama megabayit 48 a ma'adanar aiki ta waya, wadda ake kira RAM. A laftof wannan ba komai ba ne. A ƙaramar waya mai RAM gigabayit ɗaya ko biyu, inda Android da WhatsApp da ita kanta burauzar suka riga suka cinye mafi yawa, shi ne ɗan hakin da ka raina.

Biya na uku ne kaɗai, wato aikin zanawa a fuska, lambobi takwas ɗin ke rage maka. Shi ma ba duka ba, don in ka yanko ƙaton yanki ka ce a matse shi ya shiga ƙaramin fili, sai wayar ta yi lissafin matsewar a kowane zane.

Ka ga ke nan, ka je kasuwa ka sayi turmin atamfa, ka biya ɗan dako, ka share masa wuri a ɗaki, sannan ka yanki ƙyallen aljihu kana murna ka yi tattali. Ƙadangaren Chrome bai biya na farko ba ko sisi, don hotonsa a cikin burauzar yake tun ranar da ka girka ta, shi ya sa yake fitowa sanda babu sabis. Na biyu kuwa abin da ya biya bai taka kara ya karya ba. Wannan shi ne darasinsa na gaskiya, kuma ba a cikin drawImage yake ba. Yana cikin shawarar da aka yanke kafin a rubuta layi ko ɗaya: me za a saka a hoton, me za a bari.

“To Malam, in hoton bayan nawa da gaske babba ne fa?” Tambaya mai kyau, kuma amsarta na cikin aljihunka. Buɗe Google Maps, ka zaɓi hoton tauraron ɗan Adam, ka nemo Malali a lokacin da sabis ke jan ƙafa. Za ka ga unguwar tana fitowa murabba'i-murabba'i: Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta bayyana, gefenta dishi-dishi, can sai matatar ruwa ta fito, sannan bakin kogi. Tun da aka ƙaddamar da taswirar a 2005, ba hoto ɗaya ba ne ake turo maka ka yanka. An riga an yayyanka duniya tun a can, a al'ada kowane yanki faɗin ɗigo 256 da tsayin 256. A mataki na sifili, inda ake farawa, duniya duka yanki ɗaya ce. Duk sanda ka matso mataki ɗaya, kowane yanki ya rabu huɗu. Kafin ka iso inda kake gane rufin gidanku, a wajen mataki na 17, yankunan sun haura biliyan 17. Wayarka tana karɓar 'yan ƙalilan da suka cika fuskarta ne kawai. Almakashin yana wurin mai shago, ba a gidan mai saye ba.

Masu Python su ma ga nasu

Wasu yaran da Python suke farawa, da wani kunshin yin wasanni mai suna Pygame. A can sunan umarnin blit, jikan BitBLT ɗin nan na 1975, har sunan bai ɓace ba. Shi ma yana karɓar yankin da kake so a yanko. Kuma a nan ne wata tsohuwar dabara ke da amfani sosai. A ce hoton bayanka a tsaye yake, ƙwallo ce kaɗai ke yawo a kansa. In ƙwallon ta matsa, sai ka goge inda ta baro. Sabon koyo yakan sake zana hoton bayan duka. Wanda ya ƙware kuwa ɗan yankin da ƙwallon ta rufe kawai yake yankowa daga hoton baya ya liƙa a gurbinsa:

allo.blit(hoton_baya, gurbi, gurbi)

Gurbi na farko shi ne inda za a ajiye, na biyu inda za a yanko, kuma wuri ɗaya ne. Sannan ya gaya wa Pygame wuraren da suka canza kaɗai za a sabunta. Kowane ɗan makarantar allo ya san wannan: in ka yi kuskure a harafi ɗaya, yatsa kake jiƙawa ka goge harafin, ba allon za ka kai bakin rijiya ba. Amma a kula, in hoton bayan ne da kansa ke tafiya, kamar na yarinyarmu, dabarar ba ta da amfani, don kowane ɗigo ya canza.

Tabon ƙadangare

Na yabe shi da yawa, bari in sauke shi ƙasa kaɗan.

Na farko, shi allon duka yake wankewa. A kowane zane yana share filin gaba ɗaya ya sake zana komai, alhali mafi yawan filin fanko ne. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni ban cika ganin haka ba, don filin nasa faɗin 600 ne da tsayin 150, ɗigo 90,000, kuma wayoyin yanzu suna da ɓangaren da ke irin wannan aiki da sauri. Sauƙin rubutu ya fi ɗan abin da za a tsimi. Matsalar tana ga mai kwaikwayo. Fuskar waya mai 720 da 1,600, irin wadda ta cika kasuwarmu, ɗigo 1,152,000 ce, ta ninka filin ƙadangare kusan sau 13. In ka cika ta da hotuna hawa uku kana wanke allo sau 60 a daƙiƙa, batirinka zai gaya maka.

Na biyu ya fi damuna, don kuskure ne na lissafi. Wasan yana auna lokacin da ya wuce tsakanin zane da zane, ya lissafa ɗigo nawa ya kamata ƙasa ta matsa. Wannan daidai ne, haka ake so. Amma a sigar da na karanta, in amsar ta fito da ɓurɓushi, sai ya zubar da ɓurɓushin. Dalilinsu a fili yake: in ka ajiye hoto a kan rabin ɗigo, sai ya yi dishi-dishi, wani lokaci ma ka ga siririn layi a mahaɗar yanki biyu. To amma yi lissafin a takarda. A ce gudu ya kai 7. A wayar da ke zane 60 a daƙiƙa, ɗigo 420 ke nan a daƙiƙa. A wayar da ke zane 90, kamar yadda wayoyin Infinix da Tecno da yawa ke yi yanzu, rabon kowane zane ɗigo huɗu ne da biyu bisa uku. A zubar da ɓurɓushi, saura 4. Ninka da 90, ka sami 360. Wato mai waya mai sauri yana iya samun wasa mai sanyi. Kamar mai awo ne da ke share bakin mudu a kowane awo, in ka sayi mudu ɗaya ba ka gani, in buhu ne sai ka ji a hannu. Gyaran ba wuya: ka riƙe lambar da ɓurɓushinta a ajiye, sai lokacin zane kaɗai ka mai da ita cikakkiya. Don haka in abokinka ya zo yana taƙama da makinsa, tambaye shi wayar da ya buga da ita.

Na uku, rubutun ba na ɗan koyo ba ne. Layi dubbai ne, cike da lambobin da aka auna da hannu, wannan abu yana ɗigo kaza, wancan yana ɗigo kaza. Ka matsar da girgije ɗaya a jikin hoton ba ka gyara lambarsa ba, sai ka ga rabin tsuntsu yana yawo a sama. Duk mai tara hotuna a hoto ɗaya ya gaji wannan ciwon kai. Don haka ba na ce wa yaro ya je ya karance shi daga farko zuwa ƙarshe. Ɓangaren layin ƙasa kawai nake nuna masa, bai fi shafi biyu ba, kuma ya ishe shi tunanin mako guda.

Wannan magana ta wuce shagon Asabar ɗinmu. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, masu koyon gina shafuka sun ƙaru a Kaduna da Kano da Zariya. Su ne gobe za su gina shafin makarantar 'ya'yanka da na asibitin unguwarku. Kuma wannan kuskure ba a wasa kaɗai yake ba. Shafi nawa ka buɗe ka tarar da ƙaton hoton gini a samansa, an nuna maka tsakiyarsa kawai, an ɓoye sama da ƙasa, amma datarka ta biya kuɗin duka? Ni dai abin da nake roƙon duk mai koyarwa shi ne ya ajiye tsohuwar ƙaramar waya guda a aji. Duk aikin da bai buɗe a kanta ba, ba a gama shi ba.

Ita yarinyar, ga yadda muka ƙare. Mun buɗe hoton a manhajar gyaran hoto, muka yanke zirin da take bukata tun a can, muka rage shi zuwa faɗin 1,200 da tsayin 150. Ɗigo 180,000 ke nan, bayit 720,000 in an kwance, bai kai megabayit ɗaya ba. Fayil ɗin kansa ya dawo wajen kilobayit 30. Ta yi dabarar katako biyu. Sai wata matsala ta ɓullo: bakin hoton na dama bai dace da na hagu ba, duk sanda suka haɗu sai ka ga kogi ya karye. Ita da kanta ta gano mafita, ta juya kwafi na biyu kamar a madubi, bakunan suka haɗu lif. Wasan ya buɗe a wayar da ta rufe kanta a makon jiya, keken yana tafiya sumul.

Ana cikin murna sai wani ɗan ƙaramin cikinsu, wanda bai cika magana ba, ya ɗago kai ya ce, “Malam, mai kwalekwalen nan fa ya wuce sau tara, kuma wani zubin gabas yake kallo, wani zubin yamma.” Ajin ya fashe da dariya. Ita ba ta yi dariya ba, ta jawo littafinta tana rubutu. Asabar mai zuwa, in ji ta, za ta koma bakin kogi ta ɗauko ziri na biyu wanda babu kowa a ciki, ta sa a riƙa yin ƙuri'a tsakaninsu.